Yadda Na Koro 'Yan Yara Daga Fatakwal da Kalangu

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha fura da daɗi ba. A kwata, a ƙofar masallaci, har a wajen aski: "Ɗanjuma, yaya kuka fito?" "Ɗanjuma, wai da gaske ka zama mai raino?" To, da gaske ne. Zan faɗa sau ɗaya, maƙwabcina mai boko yana rubutawa. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda ya je a karanta masa.

Ni makaɗin mahauta ne. Kalangu na gada, shi ne kuma ya kai ni Fatakwal. A unguwar Diyobu muke zaune, wajen Mil Biyu. Aikina da safe in tsaya a kwata in bi mahauta ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa. In na buga, mutum ya san da shi nake ko da ya ba ni baya, sai ya amsa. Garin ba laifi, sai dai ruwa. Ruwan saman can ba ruwansa da damina ko rani. Fatar kalangu kullum a sake take, sai na gasa ta a wutar mai tsire sannan ta yarda ta yi magana.

Sai ƙasa ta rikice. Labari ya zo an kashe 'yan Ibo a Arewa, su ma suka juyo kanmu. Abin da na gani a kwanakin nan ba zan faɗa ba, kada ma ku tambaya. Aka ce kowa ya koma garinsu. Sarkin Fawa ya samo mota mai bodin katako, ya ce mata da ƙananan yara su yi gaba, namiji ɗaya ya raka su. Aka ce a nemo wanda ba shi da mata, ba shi da saniya, ba shi da abin tsayawa tattarawa. Kowa ya juyo ya dube ni.

Akwai abokina Sale Mai Barho, mahauci. Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi ya ce zai je bakin ruwa ya nemo ƙanensa. Ya ɗora min 'yarsa Jummai a wuya, ya ce, "In ban dawo da wuri ba, ka kai min ita gida. Matata Hansatu jego take, hannunta ba zai kai ga biyu ba." Na ce to. Bai dawo ba. Jummai shekararta uku. Daga ranar ta rufe baki. Ba kuka, ba magana, ko an kira sunanta ba ta juyowa. Babban yatsa a baki, ido a ƙofa.

Muka tashi. Direban Ibo ne, mutumin kirki. Ba zan faɗi sunansa ba, kada in jawo masa. Ba mu gama fita gari ba yara suka fara. Ɗaya ya sa kuka, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ce me motar duk ta ɗauka. Sun fi goma, babbansu bai yi famfara ba. Na sha jin kukan shanu a kwata, amma wannan ya fi shi shiga kai.

Babba a cikin matan ita ce Inna Kande mai tuwo, mace mai jiki da murya. Ta zungure ni da ludayi.

"Kai makaɗi, an ɗauko ka ne ka zauna kamar buhun gawayi? Yi musu wani abu!"

"Inna, ni mahauta na sani."

"To waɗannan 'ya'yan su wane ne? Buga, don Allah, kafin kunnena ya toshe!"

Na buga. Tsit. Idanu duk suka yo kaina, majina na zuba. Na tsaya, suka ci gaba da kuka. Na sake bugawa, tsit. Na ce a raina, ashe ku ma iri ɗaya ne da iyayenku.

Sunayensu suka gagare ni riƙewa, ga shi ba sa zama wuri ɗaya, kamar 'yan tsaki. Sai na yi musu abin da na iya, na ba kowa takensa, da motsin da zai amsa da shi. Ɗanlami mai ƙaton ciki, nasa "Tumbi gaba, Ɗanlami baya," sai ya shafa ciki ya yi tafiyar agwagwa. Tagwaye, Hassana da Usaina, take ɗaya na ba su, su riƙe hannu su juya har jiri ya zubar da su. Iro ba ya iya zama, na ba shi tsallen kwaɗo. Daga nan na daina ƙirga su. Take nake bi, wanda ya motsa yana nan.

Jummai na yi mata wanda ya fi na kowa daɗi. Ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Sai na ƙara musu wasa uku na taro. In na buga "jirgi," kowa ya kama rigar na gabansa. In na buga "kaza," su ruga su shige ƙarƙashin mayafin Inna Kande. In na buga "ƙadangare," kowa ya kwanta rub da ciki, ya rufe baki, yana gyaɗa kai. Wannan na ukun suka fi so. Ni kuma ba don wasa na ƙirƙiro shi ba.

Bai daɗe ba ya yi amfani. A wani daji muka tarar an gicciye gungume a hanya, samari na tsaye da adduna. Na buga ƙadangare a hankali. Yara suka zube. Da na waiwaya sai ga Inna Kande ita ma ta kwanta shame-shame a kan buhun gari, tana gyaɗa kai da gaske. Wani saurayi ya hau bayan motar da adda a hannu. Ya dubi yara, ya dube ni.

"Wetin dey do dem?"

Wato, me ya same su? Sai Iro, ɗan haihuwar Fatakwal, ya ɗago daga ƙasa ya ce masa, "Shhh! We be lizard." Wai su ƙadangaru ne.

Saurayin nan ya yi dariya har addar ta faɗi. Ya kira 'yan uwansa su zo su gani. Suka sa na sake. Na buga kwaɗo, na buga agwagwa, tagwaye suka juya suka faɗa kan ƙafar babbansu. Ɗaya daga cikinsu ma ya ajiye sanda ya taka rawa a tsakiyar titi. Suka janye gungumen. Hulata ce kaɗai ba ta haye ba, mai rawar ya cire ta ya kafa a kansa.

Da muka yi nisa na ce, "Inna, ƙadangarenki ya fi na kowa girma."

"Rufe min baki, ɗan nema. Zamewa na yi."

Mata suka kwashe da dariya, irin wadda ba ta tsayawa, har da hawaye. Hansatu ce kaɗai ba ta yi ba. Tana rungume da jariri, Jummai na jingine a gefenta.

Niyyarmu mu haye gadar Kwara a Anacha. Muka isa aka ce ba hanya, sai dai mu nufi Inugu mu shiga jirgin ƙasa. Direba ya ce sai ya nemo mai. Aka sauke mu a unguwar Hausawa kusa da babbar kasuwa. Unguwar ta watse, ƙofofi a buɗe, tabarmi a yashe. Wani tsoho da ya rage ya buɗe mana siton albasa. A nan muka yi 'yan kwanaki. Har yau in na yi gumi sai in ji kamar za a ɗora miya.

Wata mata maƙwabciyar siton ta aiko mana da abinci, Allah ya saka mata. Tuwon rogo ne da suke kira akpu, da miyar ganye mai ɗaci, manja na yawo a kai. Duk zamana a Fatakwal na guje wa tuwon nan, tuwon Inna Kande nake ci. Ita Innar ta buɗe kwano, ta sunsuna, ta ce, "Wannan tuwon tun jiya ya rasu, ba a dai yi masa sutura ba." Su ba sa taunawa, mulmulawa suke su haɗiye. Na tauna, na yi da na sani. Yaran kuwa, da yake can aka haife su, suka yi ta aika shi ciki suna lasar yatsa. Ɗanlami ya cinye nasa ya dubi nawa. Na miƙa masa ba gardama.

A tsakar gidan matar nan na ga yadda suke wasa da 'ya'yansu. Ba ganga suke bugawa ba, tulu ne mai huda a gefe, a dinga marinsa yana cewa bum-bum kamar mai ciwon ciki. Uwa ta ba da waƙa, yara su amsa, wannan kam kamar namu. Amma rawarsu a sunkuye take, duk a ƙugu. Abin da ya fi ba ni mamaki, mijinta, ƙaton mutum mai furfura, ya ɗaura zane ya shiga da'irar yara yana karkaɗa baya. Na ce wa Inna Kande, "Dubi babba da shi. A garinmu wane magidanci zai yi haka?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka wuni jiya kana tsallen kwaɗo fa?"

Na mai da ido kan masu rawa.

Yaranmu da nasu suka gauraya ta ramin shinge. Ba wanda ya tambayi wani daga ina yake. Kafin azahar 'ya'yan Ibo sun iya ƙadangare, namu kuma sun koyo karkaɗa ƙugu. Inna Kande ta ce in sun yi wannan a gaban kakanninsu a Kano, ita ba ta san su ba.

A nan ne na yi ɓarna. Wata safiya, daidai lokacin da nake tsayawa a kwata, na gasa kalangu a murhu na zauna gwada shi. Hankalina yana wani wuri, hannu ya kama hanyar da ya saba, yana bin mahauta ɗaya bayan ɗaya. Ban farga ba sai da na ji yana cewa, "Sale, ɗaga barho, sa ya kwanta."

Shi Sale in ya ji takensa, hannun dama yake ɗagawa sama da wuƙa, ya doka ƙafar hagu a ƙasa, ya ce, "Ga ni nan!" Kowa a kwata ya san haka.

Jummai tana zaune kan buhun albasa. Ta cire yatsa daga baki. Ta miƙe, ta ɗaga hannun dama, ta doka ƙafar hagu.

Hansatu ta ɗauki jaririnta ta shige bayan buhuna. Inna Kande ta taso ta tsaya a kaina.

"Kada ka ƙara."

"Inna, hannu ne ya..."

"Mutum ba a san yana raye ba, ba a san ya mutu ba, kana kiransa a gaban matarsa? Wa zai amsa mata?"

"Amma kin ga yarinyar?"

"Na gani. Na kuma ga uwarta. In ka sake, sai na fasa kalangun nan a kanka."

Na ce ba zan sake ba. Jummai ta mai da yatsa baki.

Hanyar Inugu duwatsu ce, tana nannaɗewa kamar hanji. Yara suka yi ta amai, rabinsa a ƙafata. Direba ya sauke mu a bakin tasha, ya ce, "Baba, sai wata rana," ya juya motarsa da sauri. Kafin ya tafi ya nuna kalangu ya ce in ɓoye shi, a nan ba a son jin wannan muryar yanzu.

Gaskiyarsa. Tashar ta kasu biyu. Gefe ɗaya mu masu tafiya, ɗaya gefen 'yan Ibo da jirgi ya sauke daga Arewa, wasu da ƙunshin kaya, wasu da rauni, wasu ba komai. 'Yan sanda sun yi layi a tsakani. Ba mai duban idon wani.

Ina zan ɓoye kalangu? Inna Kande ta kwance zane ɗaya, ta goya min shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta rufe masa kai. Haka na ratsa tashar Inugu, ƙato da gemu, ba hula, da goyo. Wata tsohuwa 'yar Katsina ta dafa ni ta ce, "Sannu bawan Allah, uwar ta rasu ne?" Na ce, "Tun tuni, Iya." Ta ce, "Yaron akwai haƙuri." Na ce, "Sai an taɓa shi yake kuka." Inna Kande ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da baki na yi musu kiɗan jirgi, suka kama rigunan juna. Ni a gaba, Iro na kusa da ƙarshe, Jummai a wutsiya tana riƙe da rigarsa, Hansatu a bayanta. Sai aka buɗe taragu. Jama'a suka yunƙuro gaba ɗaya. Ban san yadda aka yi ba, na dinga ɗaukar yara ina jefawa ciki kamar kabewa, na turo Inna Kande ta baya da kafaɗa, na jawo Hansatu da jaririnta.

A ciki na bi take da baki. Agwagwa ta motsa. Tagwaye suka juya. Kwaɗo ya yi tsalle, amma tsirara.

"Iro, ina rigarka?"

"Jummai ta ja, ni kuma na fita daga ciki."

Na duba ƙarƙashin benci. Na duba cikin mayafin Inna Kande. Babu. Hansatu ta leƙa taga tana kiran "Jummai! Jummai!" Ni na san aikin banza ne. Yarinyar da ba ta amsa sunanta a ɗaki, ina za ta amsa a cikin dubban mutane? Jirgi ya yi kuka na farko.

Na dubi Inna Kande. Ta san abin da ke raina. Hannu kawai ta sa ta kwance majanyin.

Na taka taga na hau rufin tarago. Kalangun ya sha ɗumin bayana tun safe, fatar ta ɗame. Duk zamana a kudu bai taɓa magana irin ta ranar ba. Na matse shi a hammata na buga: "Sale, ɗaga barho, sa ya kwanta."

Tashar ta juyo. Wani ɗan sanda ya daka min tsawa in sauko. Daga ɗaya gefen wani ya yi ihu, dutse ya zo ya same ni a baki. Wannan giɓin da kuke tsokanata da shi, can na samo shi. Na tofar da haƙori, na ci gaba. Ina bugawa ina bin kawuna da ido, gefenmu duk babu.

Sai can a bayan layin 'yan sanda, cikin mutanen da suka sauka daga Arewa, na ga ɗan hannu ya tashi sama. Riƙe yake da rigar Iro.

Wata mata ce ta ɗora ta a wuya, tana kutsowa. Ibo ce, kanta naɗe da tsumma mai jini. Na diro na nufi layin. Ta buɗe baki, sai Hausar Kano tsantsa, ta fi tawa.

"Malam, ga 'yarku. Tun ɗazu nake tambayarta sunanta, da Hausa, da Ibo, ta ƙi kula ni. Sai da ka fara bugawa ta hau harbina a ƙirji."

"Allah ya saka miki, baiwar Allah."

"A Sabon Gari aka haife ni. Kalangu ne yake tashina da safe."

Na ga ba ta da kaya, ba ta da goyo. Na ce, "Naki fa?"

Ta girgiza kai. Ta miƙo Jummai ta saman kafaɗar ɗan sanda, shi kuma ya karɓa ya miƙo min. Ta ce, "Ku sauka lafiya." Jirgi ya fara motsi. Na ruga, mata suka jawo mu ta ƙofa, ni da yarinya da kalangu, muka zube kan Inna Kande.

Muka yi ta tafiya har muka kai Makurɗi. Da jirgi ya hau gadar Binuwai ya sauka ɗaya gefen, sai taragon ya haukace. Mata na guɗa, tsofaffi na hamdala, wani ya rungume ni ban san shi ba. Aka miƙo mana ƙosai da rake ta taga. Ɗanlami ya cika baki har ya kasa rufewa. Na buga jirgi a cikin jirgi, yara suka yi layi suna zagaya benci, manya suka kama bayansu, har tsohuwar nan 'yar Katsina. Ta dubi kalangu, ta dubi zanen goyo, ta ce, "Au, wannan ne marayan?" Inna Kande ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ina cikin haka na ji an ce, "Malam Ɗanjuma."

Hansatu ce. Tun Fatakwal ba ta yi min magana ba.

"Buga."

"Wanne?"

"Ka sani."

Na dubi Inna Kande, ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Na buga a hankali. Jummai ta sauko daga cinyar uwarta. Ta ɗaga hannun dama, ta doka ƙafar hagu, ta buɗe baki da wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Ga ni nan!"

Hansatu ta yi dariya, hawaye na zuba kan jariri. Ta ce in sake. Na sake.

To, kun ji. Na kai kowa hannun danginsa. Sale kuwa har yau ba labari. Yaran unguwa da kuke gani suna bina da yamma suna tsallen kwaɗo, su Iro ne suka koya musu, ni ban kira kowa ba. Ku ce min mai raino, na amsa.

Wasunku sun ce in cire taken Sale daga layi tunda ba ya nan. Ba zan cire ba. Gidan kakan Jummai yana bayan kwata. Gobe da safe in na zo kansa, ku bar duban nama, ku dubi saman katanga.